Tayil baƙi da fari a falo: in saya ko in haƙura?

Uwar 'yan uku, Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah na fi son in ji daga bakin wanda ya taɓa zama a kan abin nan, don ni ma gani a hoto ne ya jefa ni cikin wannan ruɗani.

Shekara shida ke nan muna lallaɓa wani ɗan gini a bayan Rijiyar Zaki, yau bulo ɗari, gobe siminti buhu biyar, har Allah Ya kawo mu kan tayil. Maigidan ya ce shi babu ruwansa da launi, tunda ni zan share ni zan goge, in je in zaɓo. To ni tun bara idona ya faɗa kan baƙi da farin nan mai gida-gida kamar allon dara. Duk gidan da na buɗe a Instagram shi nake gani, a falo, a kicin, har a banɗaki, wani a miƙe, wani an karkata shi ya zama kamar yankan alewa. Hotunan da na tara a waya sun fi arba'in, har babbar 'yata ta fara yi min dariya.

Ranar Asabar muka shiga Ƙofar Ruwa da ƙanin maigidan. Mai shagon ya ciro baƙi biyu da fari biyu na santimita 60 da 60 masu sheƙi, ya jera min a bakin shago, ya goge da tsumma. Wallahi sai da na ji gabana ya faɗi don kyau, har fuskata nake gani a cikin baƙin. Muna cikin ciniki wata motar siminti ta wuce. Kafin mu gama magana na sunkuya na ja yatsa a kan baƙin, sai ga layi ya fito raɗam kamar an rubuta da alli. Farin kuwa ko a jikinsa. Nan jikina ya yi sanyi, na ce masa zan dawo.

Da na koma gida na nuna wa Hajiyarmu hoton, mahaifiyar maigidan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ai ledar ɗakina ce ta lokacin Shagari, ita za ku saya da tsada haka?" Ta ƙara da cewa ita in ta daɗe tana kallonsa jiri take ji. Ba ta hana ba, amma kun san irin maganar manya.

Falon ƙafa 14 ne da 18, taga biyu, ɗaya tana kallon titi kuma titin babu kwalta. Yarana uku, ƙaramin bai cika shekara biyu ba. Ba ni da 'yar aiki. Ruwan bohol muke sha. Shin abin nan zai zaunu a Kano kuwa? In zai yiwu, 60 da 60 ko 40 da 40, mai sheƙi ko marar sheƙi, kuma kwali nawa zan saya? Kicin ma ina so, amma falon ne ya fi tsaya min a rai.

Mai ɗakin sama, Zariya:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Zo ki zauna in ba ki labari, don shekarata huɗu a kansa, falo da korido gaba ɗaya, mai sheƙin kuma, irin wanda ya tafi da hankalinki.

Abin da babu wanda ya gaya min kafin in saya shi ne: babu ranar da za ki ga baƙin da farin suna da tsabta a tare. Da hunturu baƙin ne ke tona miki asiri. Ki goge da asuba, kafin a taso yara daga makaranta ya yi furu-furu kamar an barbaɗa masa garin tuwo, kuma duk wanda ya taka sai sawunsa ya fito, har yatsu biyar kina ƙirgawa. Ni a sawun nake gane wanda ya shiga ɗakina ba na nan. Damina na faɗuwa sai farin ya karɓi aiki: jar ƙasa daga takalmi, gashi in an yi tsifa, ɗigon zoɓo, manja. Tayil mai ruwan ƙasa yana rufa wa mace asiri kwana biyu, wannan ko wuni ɗaya ba ya yi.

Sai maganar ruwa. Kin ce bohol kuke sha, to ki kula. Namu yana da gishiri-gishiri, in na goge da mopa ya bushe sai ya bar fari-fari a kan baƙin, zane-zane inda mopar ta bi. Dole sai na sake bi da busasshen tawul, wato aiki biyu kullum. Garin sabulu kuwa shi ya fi komai lalata shi, in kika zuba da yawa sai ya yi dishi-dishi. Yanzu ɗan sabulun ruwa nake ɗigawa, wani lokacin ruwa zalla.

Kuskurena mafi girma shi ne cikon layi. Mai aikin ya cike tsakanin tayil ɗin da farin siminti, ranar ya yi kyau kamar a lasa. Bayan wata shida layukan sun koma ruwan ƙasa, a bakin ƙofar kicin ma baƙi ƙirin, a bayan kujera kuma suna nan fari tas, sai falon ya zama kala uku. Na durƙusa da tsohon buroshin haƙori na goge layi-layi ana gobe sunan ƙanwata, har yau bayana bai yafe min ba.

Amma kada ki ce zuga ki nake ki fasa. Koridon nan nawa har gobe ina son shi. Siriri ne, babu taga, ƙura ba ta isa can sosai, kuma tayil ɗin ya sa ya yi tsawo da haske. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta tsaya a nan ta yi hoto. Yara kuma sun mayar da shi filin wasa, autata sai da ta yi wata biyu ba ta taka baƙin, wai rami ne, tsalle take yi daga fari zuwa fari har ɗaki. Falon ne da za a mayar da ni baya ba zan sa ba. Ga kujeru, ga kafet a tsakiya, ga labule mai fure, abin ya yi wa ido yawa, kuma rabin adon da na biya kuɗinsa yana ƙarƙashin kafet.

Mai sa tayil, Dei-Dei:

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah Ya sa a tare lafiya. Sana'ata ke nan shekara goma sha tara, daga Kano na fara kafin in dawo Abuja, kuma a 'yan shekarun nan na sa irin wannan a gidaje da dama, don yayinsa ake yi.

Bari in fara da lissafin. Ƙafa 14 da 18 ya kama sikwaya mita 23 da kusan rabi. Kwalin 60 da 60 guda huɗu ne a ciki, yana rufe sikwaya mita 1.44. In a miƙe za a jera, a ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ya zama kwali 18, baƙi tara fari tara. In karkatawa za a yi, duk wanda ya taɓa bango sai an yanka shi, don haka a ƙara kashi 15, ki sayi 20, goma-goma. Ban sa sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake kewaye gindin bango da shi, a ciki ba. Kuma abin da ya ragu kada ki bari a mayar shago, ki ɓoye a sito, don ranar da turmi ya faɗo ya fasa guda ɗaya ba za ki sami irinsa a kasuwa ba.

Yanzu inda ake yin kuka. Baƙin da farin, ko da an rubuta 60 da 60 a jikin kowanne, ba lallai girmansu ya zo ɗaya ba. Tayil gasa shi ake yi a wuta, yana tsukewa, kuma kowane gashi da yadda yake fitowa. In baƙin na wani kamfani ne farin na wani, za ki iya samun bambancin milimita biyu ko uku, kauri ma haka. A tayil kala ɗaya muna ɓoye wannan a cikin layi, babu mai lura. A baƙi da fari kuwa kusurwa huɗu ce ke haɗuwa a wuri ɗaya, ido a nan yake sauka, in ta goce ko yaro zai gani, kuma gocewar tana ƙaruwa ne har ki kai bango. Na taɓa ɗaga aikin yini guda saboda haka, mai gidan ya sayo fari a wani shago baƙi a wani don ya rage kuɗi, ƙarshe sai da ya sake sayen baƙin gaba ɗaya. Saboda haka a shagon ki sa a ciro baƙi ɗaya fari ɗaya, ki haɗa su fuska da fuska, ki tsayar a ƙasa, ki shafa gefen da yatsa. In kin ji tudu ki bar shi. Ki nemi wanda aka daidaita gefensa da inji bayan gashi, gefen yana da kaifi kamar an yanka da reza. Ki kuma duba lambar gashi a jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, don fari ma kala-kala ne, wani ya ja ruwan madara, wani ya ja shuɗi.

Kada sunan ƙasa ya ruɗe ki. Sifen da Italiya suna yin tayil mai kyau, babu musu, amma mafi yawan abin da ke kasuwa daga Sin yake ko Indiya ko kuma na nan gida, don akwai masana'antu a Ajakuta da jihar Ogun, kuma a kowanne akwai mai kyau akwai na banza. Ki juya bayansa ki ɗiga ruwa. In ya shanye nan da nan, mai laushi ne, ya fi dacewa da bango. In ruwan ya tsaya yana kallonki, shi ne fosilin, wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, shi ke jure takalmi da jan kujera. Sai dai irin wannan ba ya kama siminti zalla da kyau, yana son gam ɗin tayil. In mai aikinki ya ce ba sai an saya ba, bayan kwana biyu ki bi ki ƙwanƙwasa da kan makulli, duk wanda ya yi ƙara kamar ganga babu komai a ƙarƙashinsa, shi zai fara fashewa.

A falonki 60 da 60 zai ba ki gida bakwai a faɗi, tara a tsawo, da ɗan ragowa siriri a gefe. Ragowar nan ita ce matsala, don bangonmu da wuya ki samu ya miƙe, za ki ga yankan ya fara da faɗin yatsa huɗu ya ƙare da biyu. Maganinsa a ja igiya daga tsakiyar ɗaki a fara jerawa daga nan, a kewaye gefen da boda baƙa ta shanye karkatar bangon. A jera su a bushe tukuna ki gani da idonki kafin a kwaɓa komai. A sa 'yar robar nan mai kamar gicciye ta milimita biyu a tsakani. Cikon layi kuma ruwan toka mai duhu, Hajiyar Zariya ta riga ta gaya miki abin da farin siminti ke yi.

Mai sheƙi a gidan da ake alwala ana shigowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ga yaro ɗan shekara biyu ga tsohuwa, ni dai ba na ba da shawara. A banɗaki ma haram ɗin sana'a ne a wurina. Wasu kwalayen suna da lambar santsi, R9 ko R10 zuwa sama, in kin samu R10 a kicin da banɗaki kin huta.

Ɗan Sabon Gari:

Ni fa abin da na ji, wannan zanen na 'yan ƙungiyar asiri ne, shi suke shimfiɗawa a ɗakin taronsu. A yi hattara dai.

Malamin zanen gine-gine:

Ɗan'uwa, gaskiya ne 'yan Freemason suna shimfiɗa dandamali baƙi da fari a tsakiyar ɗakin taronsu, ba ƙarya ka ji ba. Amma aro suka yi, sun tarar da shi a duniya. In ka taɓa zuwa Madina, ɗaga kai ka tuna bakunan ginshiƙan Masallacin Annabi (SAW), dutse mai duhu da fari ne aka jera bi da bi. Magina Larabawa suna kiran salon ablaƙ, kuma ya yi ƙarfi ne a Sham saboda ƙasar tana da baƙin dutse da farin dutse kusa da juna. Sarki Baibars ya gina fada a Dimashƙa a 1266 wadda sunanta ma Ƙasrul Ablaƙ, kuma har yau masaukin fatake na As'ad Basha da aka gina a birnin wajen 1752 yana tsaye da layukansa baƙi da fari. Mai gida-gidan na ƙasa kuma Turawa sun daɗe da shi a coci-coci da fadoji. A Faransa, barandar Grand Trianon da aka gina wa Sarki Luwi na 14 a 1687 da shi aka shimfiɗe ta. Daga baya ya sauko gidajen cin abinci na Amurka a shekarun 1950, a leda mai araha. Ledar da surukar Hajiya ta tuna jikar waccan ce, don haka tsohuwa ba ta yi kuskure ba.

Hajiya, abin da zan ƙara miki game da hotunan da kika tara. Ki sake buɗe su ki duba da kyau. Yawancinsu za ki ga ba baƙi ƙirin da fari fat ba ne, marmara ce, farin yana da jijiyoyi ruwan toka, baƙin ma ya ja toka, kuma ba ya ƙyalli. Shi ya sa ido ke hutawa a kansa. Sannan ki lura da inda suke sa shi: mashiga, korido, kicin, wuraren da babu kaya da yawa. Ɗakunan kusan fayau suke, bango fari, kujera ɗaya. Falonmu na Hausa kuwa kujeru ne saiti guda jingine da bango, ga kafet, ga labule mai nauyi, ga silin mai ado da fitilu kala-kala. Ƙasa mai surutu tana son bango mai shiru. Kuma gidajen nan na hoto tagoginsu a rufe suke shekara guda, ba su san wata iska da ke taso ƙura daga Sahara tun Nuwamba har Fabrairu ba.

In kika ce marmarar gaske za ki saya, ki sani asid yana cinye ta. Ruwan lemon tsami ma yana barin tabo, balle asid ɗin da masu aiki ke wanke siminti da shi bayan sun gama. Kada kuma baƙin ya fita tsakar gida ko barandar da rana ke duka, don a watan Afrilu ba za a iya taka shi ba takalmi ba. Filin ɗawafi a Makka farar marmara ce daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ita ce ake takawa da tsakar rana ƙafa ba ta ƙone ba.

Kakar yara, Katsina:

'Yata, jikata ce ke karanta min tana rubuta abin da na ce. Ni a ɗakin daɓe aka kai ni, mata suka taru da madaɓi suna waƙa, aka yayyafa makuba ya yi ja yana ƙamshi. Daga baya muka shimfiɗa leda, daga baya aka yi mana tarazo, shi ma baƙi da fari ne amma tsaki-tsaki, shekara talatin ko tsagewa bai yi ba kuma ba ya nuna datti. Yaran nan suka fasa shi suka sa mai santsi, na zame a kai bara da azumi, wata biyu ina sallah a zaune. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In dai uwar mijinki za ta riƙa zuwa, ki sa wanda ƙafa ke kamawa.

Uwar 'yan uku, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Mama ta Katsina, Allah Ya ƙara lafiya, Ya kiyaye gaba.

Ga abin da na yi. Na aika ƙanin maigidan ya sayo min guda huɗu, mai shagon da ƙyar ya yarda ya fasa kwali: baƙi mai sheƙi, fari mai sheƙi, sai ruwan toka mai duhu marar sheƙi, da wani fari mai jijiya shi ma marar sheƙi. Na kai su sabon gidan na jera a ƙarƙashin tagar da ke kallon titi, na bar su kwana uku ban taɓa ba. Da na koma jiya, baƙin mai sheƙi har sawun ƙadangare ne a kai, da inda jelarsa ta ja. Mai ruwan tokan sai da na shafa na ga ƙurar a hannuna. Na zuba ruwa a buta na jiƙa ƙafa na taka kowanne ina riƙe da bango, mai sheƙin ya kusa kai ni ƙasa a gaban maigadi.

Na kuma gwada abin da mai tayil ya ce, na haɗa su fuska da fuska. Masu sheƙin nan biyu da na kusa biya ranar Asabar, farin ya ɗara baƙin, farcena har maƙalewa yake a gefen. Malam, Allah Ya biya ka.

Don haka falo na haƙura, zan sa fari mai jijiyar nan shi kaɗai. Gida-gidan zai tafi mashiga da koridon ɗakuna, da ruwan tokan a madadin baƙi, 40 da 40 tunda wurin siriri ne, a karkace, da boda. Kicin har yanzu muna ja da maigidan, wanda ya ce babu ruwansa da launi yanzu shi ne ke cewa a sa baƙin a bango bayan risho. Na ce masa ya tambayi mai goge mai.

Saura abu ɗaya, Malam mai tayil. Koridon faɗinsa ƙafa huɗu ne, tsawonsa ashirin da biyu, kuma ƙofofi uku ne ke buɗewa a cikinsa. In an karkata 40 da 40 a wannan faɗin, bodar ta kai inci nawa don kada gidajen su fito rabi-rabi? Kuma a bakin ƙofar falo, inda zai haɗu da 60 da 60, me ake sawa a tsakani? Mai aikin namu zai fara ranar Litinin, ina so in je masa da maganata a hannu.